Mai Zama a Kujerar Hagu

Afiniki ƙawata, ajiye tsintar waken nan ki matso kusa. Tun ran da aka ce ni zan riƙe ajin manya a makarantar Lahadi nake juya wani misali a raina. Ke zan fara karanta wa, in ya so ki gaya mini inda na karkace. Sunayen da za ki ji ba na mutanen ba ne, ni na laƙa musu.

Akwai wani mutum, bari mu kira shi Malam Filibus, akawu ne a wani kamfanin gurzar auduga. Tun yana saurayi, shugabansa a wurin aiki, wani baƙo daga ƙetare, ya tashi komawa ƙasarsu ya bar masa motarsa. Ƙirar Japan ce, Datsun, irin ta masu son gudu. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa har sai mutum ya yi kamar zai durƙusa kafin ya shiga. Launinta ruwan lemo ne. Abin da ya sa manyan ma'aikata ba su yi rububinta ba, an shigo da ita ne tun kafin canjin hannu, lokacin da motocin ƙasar nan ke bin gefen hagu na titi. Da aka koma bin dama, sai sitiyarinta da ke hannun dama ya zama yana can gefen ciyawa. Idan babbar mota ta tare gaba, direba ba ya ganin abin da ke tahowa. Wanda ke zaune a kujerar hagu shi ne a gefen tsakiyar titi, shi ke gani.

Da Malam Filibus ya auri wata budurwa mai suna Saraya, sai kujerar hagu ta samu mai ita. Saraya kuwa ido gare ta, baki gare ta. Tun daga nesa takan bambanta mota da ƙyallin rana a kan kwalta. A kasuwa ta kalli buhun masara ta ce wannan da ƙwari a ciki, a kwance a tarar haka ne. Idan sun kama hanya suka iske babbar mota a gaba, sai ya ɗan matsa hagu, ita kuma ta dafa gaban motar ta leƙa. Kalma biyu ce aikinta. Ta ce, "Dakata," ya dakata. Ta ce, "Wuce," ya taka, motar ta yi gurnani ta fice, Saraya tana dariya. Mutanen gari suka riƙa cewa Malam Filibus ya samu motar da ba ta tafiya sai da izinin mace. Shi ma yakan taya su dariya, amma maganar takan ɗan sosa shi a ciki.

Ana nan, sai ranar auren ƙanin Saraya ta zo, wanda kowa ke kira Auta, a can garinsu. Malam Filibus ya ɓata safiya yana goge mota, suka fita a makare. A hanya suka iske wata babbar mota ta yi lodin gyaɗa har sama, tana ja kamar ba ta so. Ya bi ta, ya bi ta, yana duba agogo. Ya matsa hagu kaɗan.

"Dakata," in ji Saraya.

Ya ji ta sarai. Amma a ransa ya riga ya hango abokan ango sun juyo suna kallon ruwan lemon nan yana shiga harabar majami'a. Ta sake cewa, "Malam, dakata." Ya taka.

Wata akori-kura ta ɓullo daga kwari. Direbanta ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ta daki ƙofar hagu. Malam Filibus ya fito ko ƙwarzane babu. Saraya ta karye a gwiwa, kanta ya bugu, ta yi kwana biyu ba ta san inda take ba.

A asibiti dangi suka kewaye gadon. Auta ya zo da rigar angonci a jikinsa, idanu jawur, ya ce, "Mijin Yaya, me ya faru?"

Malam Filibus ya dubi surukansa, ya dubi matarsa a kwance ido a rufe. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ta ce in wuce."

Ya yi niyyar gyara maganar idan ta farfaɗo. Ta farfaɗo, bai gyara ba. Ya ce sai an sallame ta. Aka sallame ta da sanda, ya ce bari ƙafar ta warke. Ƙafar ta warke a sandare, ba ta lanƙwasuwa sosai. Aka jawo motar aka ajiye ta ƙarƙashin mangwaron gidansu, aka lulluɓe ta da tamfol.

Kin san mutanenmu da wasa. Da ciwo ya lafa, sai maganar ta koma abin zolaya, Auta ne kuma sarkin yinta. Gishiri ya yi yawa a miya, ya ce, "Yaya ce ta ce wuce." Wani ya sayo akuya ta mutu a hanya, "Yaya ce ta ce wuce." 'Ya'yansu suka taso suka tarar da maganar suka ɗauka, jikoki ma suka ɗauka, ba su ma san asalinta ba. Duk ran da aka faɗa, Saraya takan yi murmushi ta sunkuyar da kai. Malam Filibus kuwa ya dubi murmushin nan ya ce a ransa, ta sani, na sani, asirina take rufawa. Yana jin kunyarta, yana kuma gode mata a zuci, amma bai taɓa ɗaga zancen ba. Ya lura dai ta rage magana. In an nemi shawararta sai ta ce, "Yadda kuka gani." In za ta tsallaka titi sai ta tsaya har wani ya zo su tsallaka tare. Ya ce girma ne, da kuma ƙafar.

Shekara talatin da ɗoriya motar tana ƙarƙashin mangwaro. Kaji suka mai da kujerunta wurin saka ƙwai, ɓeraye suka cinye wayoyi, tamfol ya yage aka sake wani. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun sha zuwa, yana korarsu. Da ya ajiye aiki, ran nan da safe ya yaye tamfol ɗin ya tsaya yana kallo. Sai wani tunani ya zo masa, ya kuwa yi masa daɗi ƙwarai. Zai tayar da motar nan ya mai da ita yadda take, ya buɗe wa Saraya ƙofar hagu, ya kai ta garinsu bikin godiyar kaka. In ta shiga ta zauna, to ta yafe ke nan, ba sai an yi magana ba.

Ya aika aka kira Auta, wanda a lokacin ya zama babban bakanike. Gemu ya yi fari, baki dai yana nan yadda yake. Auta ya zagaya motar sau biyu, ya sa ƙafa ya taɓa gefenta, tsatsa ta zubo kamar garin dawa.

"Mijin Yaya, wannan ai akurki ne mai taya. Ka bar wa kaji gidansu."

"Za ka iya, ko in nemo bakanike?"

"Ni me ne ne, mai suyar ƙosai?" Ya tsuguna ya leƙa ciki. "Duba nan, ana hango ƙasa ta wurin ajiye ƙafa. Ya yi kyau, in birki ya ƙi sai ka sauke takalmi ka ja."

Damina uku suka yi a kanta, a nan gindin mangwaron. Suka sauke injin suka wargaza shi a kan tabarma, kowane ƙarfe Malam Filibus ya wanke shi da kananzir ya jera. Suka yanke ruɓaɓɓen ƙasanta suka yi waldar sabon ƙarfe. Abin da babu a garin suka bi shi har Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, wani a samu, wani a yi musu dariya a ce sun zo neman kayan kakanni. Rana ta riga ta cinye fentin ya koma kamar ƙasa, amma da suka cire kujera suka tarar da wani ɗan wuri kamar tafin hannu wanda rana ba ta taɓa gani ba, ruwan lemon nan yana nan sabo. Shi aka nuna wa mai haɗa fenti, ya haɗa har sau biyar kafin Malam Filibus ya gyaɗa kai. Wurin shan man motar kuma guda biyu ne, kabureta ake ce musu, sai sun ja iska daidai da juna take lafiya. Auta ya sa guntun tiyo a kunne ya saurari wannan, ya saurari wancan, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har numfashinsu ya zama ɗaya.

Ƙofar hagu ce ta fi ba su wuya, domin ba a samu irinta ko'ina ba. Auta ya ce a cike lotsawar da ƙullun nan da masu gyaran jikin mota ke shafawa, a bi da fenti, ba mai ganewa. Malam Filibus ya ce a'a, a buga ƙarfen ya miƙe. Wata biyu Auta yana binta da ƙaramar guduma yana mita. Kujerar hagu kuwa Malam Filibus ya sa aka ja ta baya, aka ƙara mata soso, domin ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ta samu wurin miƙewa. Bai gaya wa kowa dalili ba.

Saraya takan kawo musu kunun zaƙi da rana. Ta ajiye, ta ce sannunku da aiki, ta koma. Ko sau ɗaya ba ta taɓa jikin motar ba.

Wata rana Auta ya goge hannu ya ce, "Tun da mun kwance gaban nan, bari in juya maka sitiyarin ya koma hagu kamar na kowa, ka riƙa gani da idonka. Kada Yaya ta sake ce maka wuce. A shekarunku in ƙashi ya karye ba haɗuwa zai yi ba."

Saraya tana tsaye da kofuna a hannu. Ta yi murmushin nan nata.

"A bar shi inda maƙeranta suka sa shi," in ji Malam Filibus, bai ɗago kai ba.

Ran Talata aka gama aikin, godiyar kaka kuwa Lahadi mai zuwa ce. Motar ta tashi bugu ɗaya, ƙararta ta cika gidan, kaji suka watse. Malam Filibus ya sa hularsa, ya je bakin ɗaki ya kira matarsa. Ta fito tana ɗingishi, tana goge hannu da gefen zani. Ya zagaya ya buɗe ƙofar hagu ya riƙe.

"Maman Keziya, ga wurinki. Ran Asabar mu tafi gida. Yau dai zo ki gwada zama."

Ta daɗe tana kallon kujerar. "Ta yi kyau, Malam. Allah ya sa albarka. Ku tafi da Auta, ni zan bi motar haya."

"Damina uku nake gyaranta dominki."

"Na sani."

"To, har yanzu ba ki huce ba ke nan," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

Ta ɗago ta dube shi da mamaki, mamaki na gaske. "In huce da me? Ai kai ne mai hucewa, kai kuwa ba ka taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, Allah ya saka maka. Tsoro nake ji, Malam. Na ce maka wuce, na kusa kashe mu, na lalata maka mota, na ɓata wa Auta biki. Ni ranar ma ban tuna ta ba, daga fitarmu gida sai farkawa na yi a asibiti. Shekara da shekaru ina nemanta a kaina, ina cewa yaya aka yi ban ga motar nan ba, ban samu ba. Idon da ya yi wannan ba abin yarda ba ne. Ka bar Auta ya juya sitiyarin, ka huta da ni."

Hannun Malam Filibus yana kan ƙofar da aka yi wata biyu ana miƙarwa. Abin da ya ɗauka rufin asiri ne, ashe ba shi ba ne. Gaskata shi ta yi. Ya tuna "yadda kuka gani," ya tuna tsayuwarta a bakin titi tana jiran wani. Ba girma ba ne, ba ƙafa ba ce. Shi ne.

Auta yana gefe yana tattara kayan aiki. Da so samu ne, Malam Filibus ya jira ya tafi. Amma a gaban Auta ya yi maganar farko, saboda haka ya ce, "Auta, ajiye wannan ka zo."

Ya cire hularsa. "Saraya, ba ki ce wuce ba. Dakata kika ce."

Can ta ce, "Dakata na ce?"

"Sau biyu."

"Ƙarar inji ce ta hana ka ji?"

Ga mafita ta buɗe masa da kanta, ya kuma gan ta sarai. Ya amsa ya ce, "Na ji ki. Ƙi na yi. Da Auta ya tambaye ni a asibiti kuma, na ji tsoron idon mutanenku, na ɗora miki."

Auta ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali. Sa'an nan ya ce, "Malam Filibus," sunan da bai taɓa kiransa da shi ba, "da bakina ka yi ta dukanta ke nan, shekara talatin." Ya juya wajen yayarsa ya durƙusa da farin gemunsa. "Yaya," ya ce, bai iya ƙarasawa ba.

"Tashi, Auta, za ka ɓata wando," in ji ta, wandon kuwa ba inda baƙin mai bai taɓa ba. Ta juya ta shiga ɗaki ta saki labule.

Kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba. Ta dafa abinci, ta ajiye masa, ta koma. Bai bi ta da magiya ba. Abin da ya yi shi ne, ya bi maganar nan duk inda ta shiga. Ya je gidan Keziya, babbar 'yarsu, ya zaunar da ita da 'ya'yanta ya gaya musu. Ya kira sauran 'ya'yan a waya ɗaya bayan ɗaya. Ya je wurin dattawan da suka rage daga cikin waɗanda suka tsaya a bakin gadon asibiti. Wasu suka ce ai abu ya daɗe, me ya kawo tono. Ya ce bai daɗe ba, shekaranjiya ma an faɗa a gidansa. Motar kuwa ya mayar mata da tamfol, ya sa a ransa ko ba za ta sake fita ba, shi ke nan.

Ran Asabar da hantsi yana zaune a gindin mangwaro, sai ga Saraya ta fito da zanen Zumuntar Matan majami'a, da jaka a hannu. Ta tsaya a gefen hagu na motar.

"Za ka yaye wannan abin ne, ko a kansa zan zauna?"

Ya yaye tamfol, ya buɗe ƙofa. Ta juya baya ta zauna, ta ɗago ƙafar da hannu biyu ta shigar, ƙafar ta miƙe daidai. Ta dubi wurin, ta dube shi.

Sai da suka fita gari ta ce, "Ban gama fushi ba. Kada ka ɗauka na gama."

"To."

"Kuma madubin nan na gefena a karkace yake. Damina uku, maza biyu, ba wanda ya gani?"

Ya tsaya ya fita ya duba. A karkace yake kuwa. Ya gyara.

Ba su yi nisa ba suka iske babbar mota da lodin rake. Ya rage gudu ya bi bayanta, sa'an nan ya ɗan matsa yadda za ta iya gani. Saraya ta dafa gaban motar. Ta leƙa.

"Dakata."

Ya koma. Bai gama komawa ba wata bas ta wuce su, iskarta ta girgiza motar. Saraya ta sauke numfashi. "Na gan ta," ta ce, ba da shi take ba. "Tun daga kan gadar can na gan ta."

Suka ci gaba da bin mai rake, hayaƙi yana shigo musu. Motar da aka ƙera domin gudu tana tafiyar jaki. Masu babur suna wuce su suna waiwaye, wani ma ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ta ado ce?" Saraya ta leƙa, ta koma. Ta sake leƙawa, ta buɗe baki, ta rufe. Ya gane hanya a buɗe take, kalmar ce ta ƙi fitowa. Wuyansa ya yi ta ƙaiƙayin ya miƙa shi ya leƙa da kansa. Bai miƙa ba. Suka wuce ƙauye ɗaya, suka wuce na biyu. Ya ce a ransa, in har garinsu za a kai a haka, a kai.

Bayan ƙauye na uku hanya ta miƙe. Ta leƙa ta daɗe. Sa'an nan da ƙaramar murya, kamar ta mai tambaya, ta ce, "Wuce."

Bai ce kin tabbata ba. Bai leƙa ba. Ya sauke giya ya taka. Dogon hancin nan ya fita, injin ya buɗe murya, rake ya yi ta komawa baya ta gefensa. Gabansu kwalta ce fetal har inda ido ya tsaya. Da suka koma hannunsu ya saci kallonta, ya ga hawaye na bin fuskarta.

"Kalli gabanka, Malam," in ji ta. "Akwai wata a gaba. Ni zan gaya maka."

Ma'anar wannan misali ita ce. Motar nan rayuwarmu ce. Allah ya sa wa kowannenmu sitiyari a hannu, amma bai ba mu ganin dukan hanya ba. Ba kuskure ya yi ba, haka ya ƙera mu, domin mu bukaci wani. Ya zaunar mana da mai gani a gefe: Maganarsa, da Ruhunsa mai yi mana raɗa a zuci, da mutanen da ya ba mu, mata ko miji ko uwa ko ɗan'uwa a cikin ikilisiya. Idan muka duba da gaskiya, yawancin faɗuwarmu ba rashin ji ba ne. Mun ji dakata sau biyu, muka taka.

Ku lura kuma da wanda ya ji ciwo. Mai takawa ya fito lafiya, mai gargaɗi ce ta karye, laifin ma aka ɗora mata. Haka muka yi wa Ubangijinmu Yesu. Mu muka ƙi ji, shi ya ɗauki raunin, aka kuma lasafta shi mai laifi. Sai dai shi bai manta ranar ba. Ya san abin da ya faɗa, ya san abin da muka yi, duk da haka bai tashi daga gefenmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne damina ukun nan. Mutumin ya yi aiki mai kyau, ba na raina shi. Ya ƙi a shafe lotsawar ƙofa da ƙullu, alhali lotsawar da ya yi da bakinsa tana nan shafe da shiru. Mu ma haka muke. Mu saya wa wanda muka cuta zani, mu ƙara masa nama a miya, mu taya rufin majami'a, muna fatan alheri ya tsaya a madadin "ni ne na yi." Alheri yana da wurinsa, amma ba ya furta wannan maganar, sai baki. Muna kuma zaton ƙarya tana zama inda muka ajiye ta. Ba ta zama. Takan shiga cikin wanda aka yi wa ita har ya gaskata ta, ya riƙa zama da ita kamar halinsa ne. Kowa ya duba gidansa. Akwai wanda ya yi shiru a gidanka? Wanda da can yakan ce ga yadda na gani, yanzu sai ya ce yadda kuka gani? Kafin ka ce girma ne ko hali, tambayi kanka wace magana aka ɗora masa, wa kuma ya ɗora.

Masu baki irin na Auta, ba mugunta gare ku ba, na sani. Amma kafin ku maimaita zolaya a kan mutum, ku dubi fuskarsa da kyau, ba kowane murmushi ne dariya ba. Wanda kuma ya ji kansa a cikin Saraya, ina so ya sani, ba duk abin da aka faɗa a kanka ne gaskiya ba, ko da kowa ya haddace shi. Allah yana wurin ranar da abin ya faru, ya kuwa san abin da ka ce.

Tuba kuma ba ta ƙarewa a wurin cire hula. Akwai zama bayan motar rake, ƙauye ɗaya, biyu, uku, ana wuce ka ana dariya. Wanda ka ɓata wa ba dole ne ya huce ranar da kake so ba. Ubangiji ma wani lokaci yakan bar mu a dakata ya daɗe, hanya kuwa a ganinmu a buɗe take. A nan ake sanin wanda ya tuba da gaske, shi ne wanda bai miƙa wuya ya leƙa ba.

To, Afiniki, na ga kina kallon ƙasa, na san kin gane su. Matar ce ta ba ni labarin da bakinta, ta ce in koyar da shi in dai zai taimaki wani gida. A aji zan kai su wani gari mai nisa, in sake musu kama yadda ba mai shaida su. Mutumin ya riga ya faɗi laifinsa ga duk wanda ya kamata ya ji, bai kamata ya zama abin hira a bakin famfo ba, har a wayi gari an ƙirƙiro masa irin zolayar da aka yi mata. Saboda haka ina roƙonki, abin da kika gane ya tsaya tsakanina da ke. Ko maigidanki, Baban su Lois, kada ki gaya wa.